MALAMIN MOTSA JIKI: AIKINSA DA HANYAR CI GABANSA

A kowace makarantar firamare akwai lokacin da ake fitar da yara daga aji zuwa fili. Su yi layi, su miƙe hannuwa, su yi tsalle, su yi guje-guje. Mai wucewa zuwa gona ko kasuwa yakan tsaya ya duba. Wani ya ce, "Yau malam ya gaji da allo, ya saki yara su yi wasa." Wani uban ma yakan kira ɗansa daga filin, ya ce in dai wasa ne gara ya je ya kora awaki.

Wannan fahimta tana bukatar gyara. Abin da ake yi a filin nan darasi ne, kamar lissafi da Hausa. Sunansa darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Yana cikin manhajar da gwamnati ta tsara wa makarantun firamare da ƙananan sakandare. Akwai malaman da suka yi shekaru suna karatun wannan fanni kafin a ba su aiki. Yana da kyau iyaye a Batsari da Safana su san aikin waɗannan malamai, da yadda suke samun horo, da irin taimakon da suke bukata.

Mene ne amfanin darasin?

Mutane da yawa sukan ce yaron ƙauye ba ya rasa motsa jiki. Yana noma, yana ɗebo ruwa, yana yo itace, yana tafiya mai nisa a ƙasa. Wannan gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, kuma yawancin yaran karkara suna cika wannan awo.

To amma aikin gona daban, darasin motsa jiki daban. Fartanya tana gajiyar da baya da kafaɗa kullum a wuri ɗaya. Darasin kuwa an tsara shi don ya taɓa dukkan gaɓoɓi, daidai da shekarun yaro. A fili yaro yake koyon bin doka, da jiran layinsa, da haƙuri in an ci shi, da rashin wulakanta wanda ya kayar. Rabin darasin kuma a aji ake yin sa. A nan ake koyar da tsabtar jiki, wanke hannu, abinci mai gina jiki, tsabtar ruwan sha, da hanyoyin kauce wa zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa.

Akwai wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba. Yaro marar lafiya yana iya ɓuya a cikin aji, ya zauna shiru a bayan 'yan'uwansa. A fili ba ya ɓuya. Malamin motsa jiki shi ke fara ganin yaron da ke haki da wuri, da mai ɗingishi, da wanda ba ya ganin ƙwallo sai ta zo kusa, da wanda ba ya jin usur. In ya sanar da iyaye da wuri, an tari ciwo tun yana ƙarami. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Yadda malamin ke gudanar da aikinsa

A makarantun sakandare akan sami malami na musamman don wannan darasi. A yawancin firamaren ƙauye kuwa malamin aji ne ke haɗawa da shi. In an yi sa'a akwai wanda ya karanci fannin, sai hedimasta ya ɗora masa dukkan harkar wasanni, ban da sauran darussan da yake koyarwa.

Malamin da ya san aikinsa ba ya fita fili haka kawai. Yakan rubuta tsarin darasi tun da dare. Da safe ya zagaya filin, ya sa a tsince ƙaya da fasassun kwalabe da duwatsu, domin yara da yawa ba takalmi suke wasa. Darasin kansa kamar rabin sa'a ne, kuma kashi huɗu yake. Na farko a ɗumama jiki da ɗan gudu da miƙe-miƙe. Na biyu malam ya nuna sabon abu, kamar yadda ake tashi a tsere ko yadda ake dira bayan tsalle. Na uku a raba yara rukuni-rukuni su gwada. Na huɗu a sassauta har numfashi ya daidaita, a wanke hannu, a koma aji.

Yanayin shekara yana juya aikin. Da hunturu akwai sanyi da ƙura, sai malam ya lura da masu tari da masu asma. Da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, rana takan yi zafi ƙwarai a yammacin Katsina. Lokacin nan da sassafe ake fita, ko a koma inuwar dalbejiya, kuma a tanadi ruwan sha kusa. Da damina fili yakan yi santsi, yara da yawa kuma suna gona. Da azumi akan rage wasanni masu wahala ga manyan yara, a ƙara darussan kiwon lafiya a aji.

Kayan aiki su ne babbar matsala. Makaranta mai yara ɗaruruwa tana iya zama da ƙwallo ɗaya, ko babu. A nan ake gane malami mai dabara. Yakan ja layin tsere da toka. Yakan yi sandar tsalle da kara, sandar miƙa-miƙa da guntun icce. Yakan sa a ɗinka ƙananan jakunkuna a cika da yashi don koyon jifa da cafewa. Igiyar rama ta isa tsallen igiya.

Wasannin gargajiya ma kayan aiki ne, kuma ba a sayen su. Langa tana ƙarfafa ƙafa, tana koyar da tsayuwa daidai. Kokawa tana da dokoki da ladabi. Carafke tana koya wa 'yan mata saurin hannu da ido, gaɗa kuma tana motsa jiki gaba ɗaya. Kada a raina su. Langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin da jihohi ke karawa a kansu a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973.

In tsautsayi ya faru

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma inda yara ke gudu dole wani ya faɗi. Shi ya sa ake koya wa malamin motsa jiki taimakon gaggawa. Ga kaɗan daga abin da ya sani, wanda iyaye ma za su amfana da shi.

In yaro ya yi haɓo, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancinsa kamar minti 10. Ba a ɗaga kansa sama, don kada jinin ya bi maƙogwaro.

In ya yi targaɗe, a hutar da gaɓar, a sa mata tsumma mai ruwan sanyi, a ɗaga ta sama. Ba a murza ta da ƙarfi. In ana zaton karaya ce, a ɗaure wurin da kara ko katako yadda ba zai motsa ba, a kai yaron asibiti.

In farfaɗiya ta kayar da yaro, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Ba a danne shi, ba a sa masa cokali ko wani abu a baki. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta hanyar taɓawa ko miyau.

Yaro mai amosanin jini, wato sikila, yana iya wasa. Amma yana bukatar yawan shan ruwa da hutu, kuma ba a matsa masa a rana ko a sanyi. Wajibi ne iyaye su gaya wa malam tun farkon shekara in ɗansu yana da irin wannan lalura. Ɓoyewa tana iya jawo nadama.

Yadda ake zama malamin motsa jiki

Katsina tana da daɗaɗɗen tarihi wajen horar da malamai. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai aka yi ta. Daga baya aka buɗe makarantun horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, wadda dattawa suka sani da Gireti Tu. Da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu, aka ɗauki malamai da yawa cikin gaggawa.

Yanzu an daina ba da takardar daraja ta biyu. Mafi ƙarancin shaidar da ake nema ga malami ita ce N.C.E. Yaron da ya gama sakandare da sakamako mai kyau yakan rubuta jarrabawar JAMB, ya nemi kwalejin ilmi. Mutanen Safana suna kusa da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Mutanen Batsari hanya ta miƙe musu zuwa Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina.

Karatun N.C.E. shekara 3 ne. Mai karanta motsa jiki da kiwon lafiya yana koyon ƙasusuwa da tsokar jikin ɗan Adam, da yadda zuciya da huhu ke aiki. Yana koyon abinci da cututtuka, da dokokin wasanni, da taimakon gaggawa, da halayyar yara. Kafin ya gama sai an tura shi wata makaranta ya yi gwajin koyarwa, malamansa su zo su duba shi. Ashe ba ƙarfin jiki kaɗai ake nema ba, har da kai.

Bayan haka sai rajista. A 1993 aka yi dokar kafa Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya. Tun 2017 sabon malami sai ya ci jarrabawarta kafin ta ba shi shaidar ƙwarewa. Mai neman aiki a firamare yakan bi ta ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha.

Ci gaba bayan kama aiki

Samun aiki mafari ne. Dokokin wasanni suna canzawa, ilmin lafiya yana ƙaruwa. Malamin da ya tsaya kan abin da ya koya shekara 20 da suka wuce zai riƙa koyar da abin da aka riga aka gyara.

Hanya ta farko ita ce ƙaro karatu. Mai N.C.E. yana iya shiga jami'a daga shekara ta biyu ya yi digiri. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna koyar da wannan fanni. Bisa tsarin da aka saba, mai N.C.E. yana fara aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8. Wanda ba zai iya barin iyali da gona ba yana da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Ita tana koyarwa ne daga nesa. Malami yana bakin aikinsa, yana karanta littattafanta a gida, yana zuwa cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Hanya ta biyu ita ce tarurrukan bita da hukumomin ilmi ke shiryawa. Sai dai yawancinsu kan lissafi da Turanci da kimiyya ake yi, kuma malamin ƙauye mai nisa ba kullum labari ke isa gare shi ba. Hanya ta uku ita ce kwas ɗin alƙalancin wasa ko horar da 'yan wasa. Malami mai himma yana iya zama hedimasta, ko mai duba makarantu, ko jami'in wasanni na ƙaramar hukuma. A 2022 an sa hannu kan dokar tarayya da ta ɗaga lokacin ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki.

Yadda ake yi a ƙasar Japan

Japan ƙasa ce ta tsibirai a can gabashin nahiyar Asiya. Babban birninta Tokiyo. Ta shahara da ƙera motoci da babura, kuma ta ɗauki motsa jiki a makaranta da muhimmanci. A firamarensu, kamar a nan, malamin aji ne yawanci ke koyar da shi. A sakandare akwai malami na musamman mai haɗa motsa jiki da kiwon lafiya. Su ma ba su yar da na gargajiya ba. Tun 2012 ya zama dole ɗaliban ƙaramar sakandare su koyi ɗaya daga cikin wasanninsu na gado, kamar judo ko sumo, waɗanda dangin kokawa ne.

Abubuwa biyu suka fi taimaka wa malaminsu ya ƙware. Na farko, ba a sakin sabon malami shi kaɗai. Tun 1989 doka ta ce ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin kulawar tsohon malami, mai duba darasinsa yana yi masa gyara.

Na biyu shi ne nazarin darasi. Malamai kaɗan sukan zauna su tsara darasi guda tare. Ɗaya daga cikinsu ya koyar, sauran su tsaya gefen fili da takarda. Idonsu yana kan yara ne: wane ya gane, wane ya kasa, wane ya tsaya minti nawa yana jiran layi bai taɓa ƙwallo ba. Bayan an tashi su zauna su tattauna, su gyara tsarin, wani ya sake gwadawa a nasa ajin. Ba don a kunyata kowa ake yi ba. Babba da ƙarami duk ana duba nasu.

Amma kowane allazi da nasa amanu. A Japan ɗalibai suna da ƙungiyoyin wasanni bayan an tashi makaranta, har Asabar da Lahadi, kuma malamai ke kula da su. Nauyin ya fi faɗa wa malamin motsa jiki. Wani bincike na ƙasa da ƙasa a 2018 ya nuna malamin ƙaramar sakandare a Japan yana aikin sa'a 56 a mako, fiye da na duk ƙasashen da aka bincika. Wasu sun kwanta ciwo, wasu matasa sun guji aikin. A shekarar ce hukumar wasanninsu ta ce a riƙa hutun kwana 2 a mako, kuma atisaye kada ya wuce kamar sa'a 2 a ranar makaranta. Daga 2023 suka fara miƙa wasannin ƙarshen mako ga ƙungiyoyin unguwa. Haka kuma a 2009 sun kawo tsarin sabunta lasin koyarwa duk shekara 10, suka ga ya ƙara wa malamai wahala, suka soke shi a 2022.

Darasi biyu ke nan. Malami yana ƙwarewa in abokan aikinsa suna duba aikinsa da kyakkyawar niyya. Kuma in aka jibga wa mutum ɗaya kaya, komai ƙarfinsa zai durƙushe. Ginin makarantun Japan da kayan wasansu sai mai kuɗi. Nazarin darasi kuwa ko kwabo ba ya ci. Malaman makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna, a yankin Ruma ko Wagini ko Runka ko Zakka, suna iya haɗuwa sau ɗaya a wata su yi shi da izinin Sakataren Ilmi.

Matsalolin wannan yanki

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu. Hare-haren 'yan bindiga sun sa an rufe makarantu a ƙauyuka da dama a shekarun baya, iyalai suka yi hijira zuwa cikin gari. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020 ya ƙara wa iyaye tsoro a duk yammacin jihar. Malamai da yawa sun nemi canjin wurin aiki. Inda malamai suka yi ƙaranci, darasin motsa jiki ake fara yarwa.

Alhali yaron da ya ga tashin hankali yana cikin masu bukatarsa. Irin wannan yaro yakan yi shiru, ko ya riƙa firgita, ko ya yi saurin faɗa. Wasa cikin tsari tare da sa'o'insa, ƙarƙashin malamin da ya yarda da shi, yana taimaka masa ya saki jiki. Yana kuma haɗa 'ya'yan masu masauki da 'ya'yan baƙi, da 'ya'yan manoma da na makiyaya, a ƙungiya ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce cin filin makaranta. Inda babu katanga, maƙwabci yakan matso da kunyarsa kaɗan-kaɗan kowace damina. Wani ya kafa rumfa, wani ya yi turken dabbobi, wani ya mai da gefen fili juji. Fili in ya tafi da wuya ya dawo.

Ta uku ita ce 'yan mata. Da zarar yarinya ta fara girma sai a bar ta a inuwa tana kallo. Iyaye suna da hujja in sun ƙi a cakuɗa ta da samari. Maganin abin shi ne a ware wa 'yan mata lokacinsu da wurinsu, su yi wasa da suturar da ta dace, malama mace tana kula da su. Wannan ya nuna bukatar 'yan matan yankin su ma su karanci fannin a kwalejin ilmi. Lafiyar uwa tun tana yarinya ake gina ta.

Abin da iyaye da shugabanni za su iya yi

Ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta, su nemi mai unguwa ko dagaci a zagaya iyakar filin makaranta gaban shaidu. A dasa itatuwa a kan iyakar. Za su tsare fili, su ba da inuwa.

A yi aikin gayya sau ɗaya bayan damina a share filin, a cike ramuka. A yi karo-karo a sayi ƙwallo da usur da akwatin taimakon gaggawa mai bandeji da auduga da aidin. A ajiye randa ko tulu mai murfi kusa da fili.

Tsofaffin 'yan kokawa da gwanayen langa na gari su ba malam hannu ranar gasa, don kada aikin ya tsaya kansa shi kaɗai. Hedimasta ya bar darasin a kan jadawali, kada a mai da lokacinsa na shara ko aike. In malam ya sami gurbin ƙaro karatu, a taya shi neman izini, domin abin da zai koyo yaran gari ne za su ci moriyarsa.

Ranar gasar wasannin makaranta, iyaye maza da mata su daure su halarta. Yaro yana ƙara ƙwazo in ya hango mahaifinsa a bakin fili, malam ma haka. Wanda ke da tambaya kan lafiyar ɗansa ko kan darasin, ya je makaranta ya ga malamin da kansa. Lafiya uwar jiki ce, kuma sai da ita ake karatu.